Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar da Ta Raba Ni da Likitanci

A makon jiya mun tsaya inda muka gama jarrabawar NECO, muka kwaso akwatunanmu daga makarantar kwana, kowacce ta kama hanyar garinsu. Tsakiyar daminar 2016 ke nan.

Sakamakon WAEC ya fito a watan Agusta. Ni da ƙanena muka taka zuwa shagon kwamfuta da ke bakin tasha, muka sayi katin dubawa, mai shagon ya danna lambobin, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar bai ce uffan ba. Turanci C5, Lissafi C6, Bayoloji B3, Hausa A1, Addinin Musulunci B2. Sai Kemistiri D7, Fiziks F9. Ga wanda bai san kan lissafin ba, daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 an tsallake ne kawai, ba sa buɗe wa mutum ƙofar jami'a, F9 kuwa faɗuwa ce warwas. Da NECO ta fito a Satumba sai Kemistiri ta ɗaga zuwa C6, Turanci da Lissafi da Bayoloji duk na samu kiredit, amma Fiziks ta tsaya a D7. JAMB kuma tun kafin mu bar makaranta na san abin da na ci: 183 cikin 400, ni da na cike likitanci.

Ba zan ɓoye muku yadda muka yi karatun kimiyyar nan ba. Ɗakin gwaje-gwaje muna da shi, gini mai kyau da fenti, sai dai kullum da kwaɗo a ƙofarsa. Malamin Fiziks ɗinmu ɗan bautar ƙasa ne, da wa'adinsa ya cika muna aji biyar ya tafi, ba a kawo wani ba sai da muka kusa fita. Bututun gilashin nan mai ɗan famfo da ake ɗiga ruwan asid da shi, saura mako guda jarrabawar gwaji na fara riƙe shi a hannuna. Malamin Kemistiri ya tara mu gaba ɗaya, ya ce a zuba ido a ga lokacin da ruwan zai juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, a rufe famfon nan take. Mu da ke layin baya sai dai muka ji na gaba sun ce "ya canza, ya canza", muka rubuta a littafi cewa ya canza. Da wannan aka shiga zauren jarrabawa tare da 'ya'yan makarantun kuɗi na Kano da Abuja, takarda iri ɗaya, lokaci iri ɗaya.

A gida kuwa tun ina firamare Baba ba ya kirana da komai sai Dakta. Abin ya bi gari, har mai kantin unguwarmu ma haka yake ce mini. Inna dai da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, sai "ke" ko "yarinyar nan", amma na sha jin ta tana gaya wa maƙwabta cewa yarinyar nan ce za ta riƙa duba su kyauta. Don haka ranar da na miƙa wa Baba takardun biyu bayan sallar isha'i, ya ɗaga su a hasken fitila ya daɗe yana kallo, duk da cewa bokonsa bai wuce aji huɗu na firamare ba.

"An ci ko ba a ci ba?" ya tambaya.

"An ci wasu, Baba. Wanda ake nema ne ba a ci ba."

Ya ninke su ya sa a ƙarƙashin buzunsa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, a kira Kawu ya zo ranar Juma'a.

Kawu, ƙanen Inna, shi ne ɗan bokon danginmu, ma'aikaci ne a sakatariya a Dutse. Ya zo da shawararsa a shirye. Ya ce kada a tsaya ɓata lokaci, a gyara Fiziks, a canza kwas zuwa Bayoloji ko ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Bayero, in na shiga na yi ƙoƙari a shekarar farko sai a mayar da ni ɓangaren likitanci. Maganar ta yi wa Baba daɗi ƙwarai, domin a cikinta ba a taɓa sunan Dakta ba. Ni ma ta yi mini daɗi. Wannan shawara har gobe ana ba yara ita, kuma ina jin ciwon hakan, domin waɗanda ake mayarwa ɗin ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawa a nan suke ƙarasa shekara huɗunsu, su fito da digirin da ba shi da lasisin taɓa majinyaci. Mai digirin ƙwayoyin cuta daban, masanin gwaje-gwajen asibiti daban: shi na biyun shekara biyar yake yi, kuma akwai hukumar da ke ba shi lasisi. A lokacin ba wanda ya bambance mana wannan a zauren.

Baffa, yayan Baba, nasa lissafin daban ne. Ya ce shi dai a ƙirga masa. Aka ƙirga: shekara guda ta sake jarrabawa, shida na likitanci, ɗaya ta koyon aiki a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa. Ya ce to a ƙara da yajin aiki, don bai manta ɗansa ya zauna a gida kusan wata shida a 2013 ba. Ya dubi Baba ya ce, "Kai yanzu 'ya mace za ka ajiye a gabanka shekara goma?" Ba wanda ya amsa masa. Ina bayan ƙyaure ina jin su.

Gwaggo ce kaɗai ba ta ce komai ba a ranar. Ita ƙanwar Baba ce, ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko, irin waɗanda ake ce wa CHEW, kuma ita ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke kan hanyar Haɗeja. Da za ta tafi ta leƙo ɗakin Inna ta ce, "A ba ni aron ta ta taya ni aiki. Zaman kuka ba ya gyara takarda."

Asibitin ɗaki uku ne da rumfa. Ranar awo da rigakafi tun kafin ƙarfe takwas rumfar ta cika, mata zaune a kan tabarmi da benci, kowacce da katinta a cikin leda. Gwaggo ta ɗora ni a kan rajista, daga baya ta miƙo mini wani ɗan tsiri mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta nuna mini yadda ake zagaya shi a damtsen yaro na hagu, daidai tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba kuma ba a sake ba. In ya faɗa kore lafiya lau. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Yaro na farko da ya faɗa ja a hannuna ya kai shekara biyu, amma damtsensa bai fi kaurin muciyar yara ta wasa ba, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Na ɗaga kai ina neman Gwaggo. Ta zo ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ta ga ko zai loɓa, ta tambayi uwar yaushe aka yaye shi, me yake ci, ko ya yi ƙyanda, ko yana zawo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ce wa uwar ta yi sakaci ba. Da matar ta ce ai ciki ne ya shiga shi ya sa aka cire shi daga nono, Gwaggo ta ce, "To ke ma hau benci in auna ki."

Wajen azahar aka kawo wata mai ciki wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, tana cewa kanta kamar zai tsage, idonta na ganin wuta-wuta. Gwaggo ta ɗaura mata abin awon jini, ta sake ɗaurawa, 170 bisa 110. Ta sa aka gwada fitsarinta da ɗan tsinken takarda. Sannan ta jawo wani littafi mai kauri da duk gefensa ya yi baƙi don buɗawa, wanda aka tsara wa irinsu: in ka ga kaza yi kaza, in ka ga kaza kada ka riƙe, tura gaba. Ta ce wa mijin a nemo mota yanzu a tafi babban asibiti na Haɗeja kafin jijjiga ta kama ta. Mijin ya ce a dai ba ta magani su koma gida, gobe kasuwa, in ya sayar da akuya sai su je. A nan na ga abin da ba a koyar da shi a Fiziks. Gwaggo ta san wansa, ta san mai unguwarsu, ta san direban da zai yarda a biya shi bayan kasuwa. Cikin rabin awa matar tana mota da takardar turawa a hannun mijin.

Da dare muna cin tuwo na ce mata ni irin aikinta nake so. Na zaci za ta yi murna, sai ta ajiye cokalin miya.

"Ke dai yau kin ga na daɗin ne. Bari in gaya miki sauran. Albashina na ƙaramar hukuma ne, kin san yadda yake. In na raka majinyaci babban asibiti, wata yarinyar da na girme wa uwarta sai ta karɓi takardata ko kallona ba ta yi ba. Akwai inda aka ja mana layi, ba ma tsallakewa, ko da mun san abin da ke damun mutum. In kin shiga nan don kin rasa likitanci ne, kullum za ki riƙa jin kanki a ƙasa. Irinsu na gani da yawa, su ne masu yi wa mata tsawa a ɗakin awo."

Daga nan ta zayyano mini hanyoyin, abin da ba a taɓa yi mana ba a shekara shida ta sakandare. A lokacin karatun aikin nas shekara uku ne, akwai makarantarsa a Birnin Kudu, amma bayan watannin farko akwai jarrabawar tankaɗe da ke mayar da mutane da yawa gida. Ungozoma ita ma shekara uku. A makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun akwai irin nata, shekara uku, da ƙaraminsa na shekara biyu. Akwai duba-gari, akwai masu haɗa magani, akwai masu ajiye bayanan majinyata, akwai masu taimakawa a ɗakin gwajin jini. Wanda ya yi irin nata ya yi aiki na wasu shekaru yana iya komawa asibitin koyarwa ya ƙaro karatu ya zama jami'in lafiyar al'umma. Ta ce amma kada in ruɗi kaina, Fiziks ba ta sake ni ba, ko ina na nufa a cikin manyan kwasa-kwasan nan sai an tambayi kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks. Sauƙin kawai shi ne su suna karɓar zama biyu, wato a haɗa sakamakon jarrabawa biyu, alhali jami'o'i da dama a likitanci zama ɗaya suke so, ga shi masu maki sama da 250 a JAMB ma wasu gida suke komawa.

Ta sa na ɗauko takarduna muka baje a kan tabarma. WAEC ɗin nan da nake ta kallo saboda B3 ɗin Bayoloji, ta ture ta gefe. NECO ce mai amfani, tunda tana da huɗu cikin biyar. Abin da ya rage in zauna jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara in ciro Fiziks, a haɗa biyun, zama biyu ya cika. Ta ƙara da cewa a ta 'yan waje ba a shiga ɗakin gwaji, a takarda ake amsa tambayoyin gwajin, don haka rashin kayan aiki ba zai sake zama mini hujja ba.

Na kwana ina juya abin. Gaskiyar da na gano a daren ita ce ban taɓa sanin aikin likita ba balle in so shi. Farar riga na sani, da sunan da Baba ke kirana da shi. Amma tsirin nan mai launi uku, da yadda Gwaggo ta sa mutumin nan ya shiga mota ba tare da ta kunyata shi a gaban matarsa ba, wannan na gani da idona, kuma na ji zan iya tashi kowace safiya dominsa.

Da na koma gida sai da na bari Baba ya dawo daga gona ya yi wanka ya ci abinci, sannan na durƙusa a bakin zaure.

"Baba, na zo da magana."

"Ina jin ki."

"Ina so ka bar ni in yi makarantar Jahun, irin aikin Gwaggo."

Ya yi shiru har na fara jin ƙafata ta yi sanyi. Can ya ce, "Ita ta sa ki?"

"A'a, ita ma sai da ta hana ni."

Ya yi 'yar dariya, ya ce ai halinta ne, tun suna yara haka take. Ya tambayi shekara nawa ne, na ce uku. Ya tambayi kuɗin jarrabawar da za a sake, na faɗa masa, na kuma ce rajistar ta kusa rufewa. Ya ce riɗi bai isa yanka ba, amma akwai ragon da Inna ke turke, zai yi mata magana. Kawu kuwa, ya ce in bar shi da shi.

Ban kai ga tashi ba muka ji sallamar Baffa a ƙofar gida, tare da wasu dattawa biyu da ban sani ba, ɗaya na riƙe da ƙullin goro. Baba ya dube ni ya ce in shiga ciki.

Abin da ya kawo su, da yadda aka yi na samu malamin Fiziks a garin da babu shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.