Bolsover: gidan da aka sa wa sulke don ado

Daga Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Chesterfield, tafiyar wajen awa biyu, sannan na kama bas zuwa Bolsover. Tun daga nesa na hango gidan a bisa tudu, da hasumiyoyi da zankaye, sai ka rantse mafakar mayaƙa ce.

Da na matso kusa sai asirinsa ya tonu. Tagogin manya ne, na shan iska da kallon kwari. Wanda yake jiran kibiyar abokin gaba ba ya huda bangonsa haka. Sir Charles Cavendish ne ya soma ginin a 1612, a kan kufan wata tsohuwar ganuwa ta ƙarni na 12, a lokacin da igwa ta riga ta kashe kasuwar irin waɗannan katangu. Begen zamanin barade ne ya kama manyan Ingila na wancan lokaci, masu sulke da kwalkwali da gasar sukuwa da mashi. Zamanin ya wuce, sai suka mayar da shi dutse suka kwana a ciki.

Ciki kuwa ba ruwansa da yaƙi. Ɗakuna ne ƙanana masu murhun marmara, an zana Hakulis, gwarzon tatsuniyar Girkawa, a jikin bango. A nan William, ɗan Sir Charles Cavendish, ya sauki Sarki Charles na ɗaya da matarsa a 1634, aka ci aka sha, aka yi wasan kwaikwayo.

Inda na fi daɗewa shi ne dogon zauren da William ya gina don horar da dawakai, ƙasansa yashi, da bene a sama na 'yan kallo. Doki a ƙarƙashin rufi, ana koya masa taku da tsalle kamar mai rawa! Sai hawan daushe ya faɗo mini a rai, lifidin da aka ɗinka don tare kibiya yanzu ya zama kwalliyar sallah.

Da yaƙin gaske ya zo, wato yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa, gidan bai tsinana komai ba. A 1644 aka ci William, wanda yake ɓangaren sarki, da yaƙi a fagen daga na Marston Moor, ya tsallaka teku, dakarun majalisa suka karɓe gidan. A gudun hijirar nan ne, a birnin Antwerp, ya wallafa littafinsa kan horon doki a 1658.

Na zaga kan katangar lambu, yayyafi ya kore ni, na gangara neman shayi.