Godiya bayan matsalar ɗakin sanyi

Alhamdulillahi, Allah Ya kawo mu ƙarshen wannan al'amari. Tun da muka ɗora gyaran, na'urar ɗakin sanyinmu na ajiye kayan gwari a Farin Gada, Jos, wadda ta riƙa tsayawa cak haka kawai, ba ta sake sumewa ba, kayan mutane kuma suna nan lafiya lau. Waɗanda suka bi maganar tun farko sun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba, ga gajiya ma ba za ta bar ni ba.

Masu tambaya ta waya mene ne ainihin ciwon, ga shi. Allon lantarkin da ke kunna kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyi, da kashe shi yana tafiya ne da manhajar Linux. A cikinsa akwai agogo biyu da kan katse na'ura su sanar da ita lokaci ya yi, layin katsewa ɗaya suke amfani da shi, a rajista ɗaya kuma, wato ɗan wurin ajiyar lambobi a cikin allon, kowanne ke ɗaga tutarsa in ya buga. Irin wannan rajista, 1 ake rubutawa a gurbin tuta don a sauke ta. Shi kuwa direban da masu allon suka haɗo mana, wato 'yar manhajar da ke sarrafa agogunan, sai ya karanto rajistar gaba ɗaya, ya ƙara nasa 1, ya mayar da ita yadda take. In agogo na biyu ya riga ya ɗaga tasa tutar, ita ma ta sauka ke nan ba wanda ya amsa masa, kamar ɗalibin da aka ce ya goge amsarsa a allo ya haɗa har da ta abokinsa. Agogo na biyun nan kuma bugu ɗaya yake yi sai an sake saita shi, to wa zai saita abin da bai san ya buga ba? Sai komai ya tsaya cak yana jira. Gyaran layi ɗaya ne tak, a rubuta tutar da ake nufi kaɗai. Layi ɗaya, jama'a!

Abin takaicin, da ka sa printk, wato umarnin da ke sa Linux ya rubuto saƙo, don ka leƙa abin da ke faruwa sai ciwon ya ɓuya, saboda jinkirin rubutun ya raba bugun agogunan. Wasu sun ce mu duba cikar ƙidaya, wato lambar da ke ƙirga lokaci ta cika ta koma sifili, irin wadda ta riƙa sumar da Windows 95 bayan kwana 49.7. Mun duba, ba ita ba ce.

Daren da ba zai fita raina ba shi ne wanda maigadi ya kira ni ya ce injin ya yi shiru. Na isa Farin Gada, na buɗe ƙofa, iskar da ta bugi fuskata ba ta da sanyin da na sani. Kwandunan tumatir da buhunan dankali na matan da suka yarda da mu ne jere har bango, wata ma da kuɗin adashe ta saro. Na buɗe /proc/interrupts, fayil ɗin da Linux ke ƙirga katsewa a ciki, lambar layin agogunan ta ƙi motsi, hannuna na rawa har na kasa buga haruffa daidai. Wallahi a lokacin ba na'urar nake tunani ba, fuskar da zan kalli matan nan da safe nake tunani.

Na san ba ya son a ambace shi, amma Baba Mai-rediyo na Terminus sai ya yi haƙuri da ni yau. Mutumin nan bai taɓa rubuta manhaja ba a rayuwarsa. Cikin sanyin hunturun Jos ya hau acaɓa rungume da tsohon osiloskof ɗinsa, na'urar da ke zana motsin lantarki a kan gilashi, a nannaɗe cikin bargo, ya ce mini, "Yaro, bar tambayar na'ura da baki, sa ta ɗaga wuta a ƙafa ɗaya ta allon duk sanda agogo ya buga, mu gani da ido." Haka muka yi. Muna zaune a kan buhu sai ga layuka biyu sun matso, sun haɗu, ɗaya ya ɓace. Baba ya nuna da ɗan yatsa ya ce, "Ga ɓarawonka nan." Na miƙa masa kuɗin mai, ya ture hannuna. Baba, Allah Ya saka maka da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan mahaifanka, Ya raya maka zuriya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Abokin aikina da ya riƙa kwana a wurin yana kashewa yana kunnawa da hannu don kada kaya su lalace, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Inna mai koko da ta ƙi karɓar kuɗinmu, Allah Ya yi wa kasuwarki albarka. Mamana da ba ta san me ake kira direba ba amma ta raba dare tana addu'a, Allah Ya bar mana ke. Matan kasuwa da suka yi haƙuri ba su kwashe kayansu ba, na gode, na gode. 'Yan'uwa na jini da ke nan kusa, Bukuru zuwa gari ba nisa, waya ma ba ta yi tsada haka ba, amma ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Mun aika wa masu allon gyaran, muna jiran amsarsu. Sauran ɗakunan da ke Bokkos da Mangu za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu sabunta. Kafin mu iso, masu kula da su su ci gaba da duba ma'aunin sanyi safe da yamma.