Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar ɗiyarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi jiya da la'asar aka sallamo mu, kwana 6 cur a asibiti, yanzu auta tana gida har ta fara rigima da yayyenta a kan ƙosai.

Gaskiya sakacin daga gare mu ne. Maganin rigakafin palu (zazzaɓin cizon sauro) ɗin nan da masu zagaye gida-gida ke ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 duk wata in damina ta kankama, na ranar farko dai a gabansu ta sha, amma na kwana biyun da suka bari mu ba ta a gida sai muka manta da shi a kan taga. Da masassara ta taso kuma sai muka kama ba ta farasitamol na mai tebur, kwana 3 muna cewa haƙora ne. Daren Talata wajen ƙarfe 2 jikinta ya sanƙare, idanu suka kafe, uwarta ta ƙwalla ƙara, ni ko takalmi ban tsaya nema ba.

Maƙwabcina da ya ɗauke mu a moto tun daga Garkawa cikin taɓo, Allah ya biya ka da Aljanna, kuɗin esans ma ka ƙi amsa.

Lokotoron yara da muka tarar, ban san da wane baki zan gode mata ba. Kafin ma sakamakon gwaji ya fito ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini, fari fat kamar takarda, ta ce Malam jininta ya yi ƙasa sosai, palu ne ya cinye shi, sai an ƙara mata. Aka fara allurar artesunate, maganin palu mai tsanani, nan take. Ba ta yi mana tsawa ba ko kaɗan, sai da gari ya waye yarinya ta buɗe ido sannan ta zaunar da mu ni da uwar ta ce duk yaron da jikinsa ya yi zafi a damina a kai shi gwaji ran nan, kar a kwana, tunda tun 2006 aka ce ganin likita kyauta ne ga irin shekarunta. Kunya ta kama ni wallahi, don ni ne mai cewa a bari zuwa gobe.

Sai maganar jini. Nawa bai dace da nata ba, na saka saƙo a grup ɗin unguwa na WhatsApp, kafin sallar asuba samari 4 sun iso, ɗaya ma ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya ba da ya tafi abinsa. Ɗan uwa in kana karanta wannan, Allah ya jiƙan mahaifa.

Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, da ƴan dare masu canja sarum, da tsohuwar gadon kusa da mu da ke ba mai ɗakina kunu tana cewa sha ɗiyata, mai jinya ma sai da ƙarfi, mun gode. Inna da ta taso daga Ƙonni da fura a kwano, Allah ya ƙara girma.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri, caji ne ya ƙare. Litinin za mu koma kwantarol, a ci gaba da sa ta a addu'a.