Ranar da jitar feda ta iso gida

Asabar, Nashville.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci motar kai kaya ta tsaya a ƙofar gida. Ni kuwa tun bayan sallar asuba nake zaryar taga. Wata 14 ke nan da na ba da kafin alƙalamin jitar feda, wato jitar da ke shimfiɗe a kan ƙafafu kamar tebur, ana goga sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, ana taka feda don sauya sauti. Maƙerin mutum ɗaya ne tilo a 'yar rumfarsa can Texas, komai da hannunsa yake yi, shi ya sa ban taɓa matsa masa ba ko da zumuɗi ya ci ƙarfina. Ni da babban ɗana muka kinkimo kwalin zuwa falo, ya haura kilo 25.

Jitar feda a kife take zuwa cikin akwatinta, saboda haka abin da ido ke fara gani shi ne cikinta. Na fi minti goma a durƙushe ina kallo. Siraran sandunan ƙarfe ne a jere kamar zaren saƙa, kowane ya taso daga 'yar maƙalarsa ya nufi inda tsirkiyoyi ke ɗaure, ga sifirin, ga ƙananan notuna farare na roba a gefe. Babu sandar da ta gogi 'yar'uwarta. Na taɓa leƙa cikin jitoci irin wannan da dama, wasu kamar an zuba taliya, amma wannan mutumin har inda ba mai gani sai da ya goge ya yi sumul. Tun a nan hankalina ya kwanta. Na ɗaura ƙafafu huɗu, na maƙala allon feda da sandunansa uku, sannan muka juyo ta muka tsayar.

Launin ne ya sa uwargida fitowa daga kicin. Lokacin da maƙerin ya tambaye ni irin fentin da nake so, hoton rawanin mahaifina na tura masa, ɗan Kura, wanda shuni ya kama har yana ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Na ce masa ba baƙi ba ne, ba kuma shuɗi ba ne, yana tsakani, kuma yana sauyawa in haske ya sauya. Ya rina katakon mapul mai zane, ya bi shi da banish sau da yawa. A inuwa sai ka rantse baƙa ce. Da na matsar da ita kusa da taga, sai shuɗin ya taso, zanen katakon ya bayyana a ƙarƙashi kamar igiyar ruwa. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Malam, ai rawanin Baba ne wannan." Ban iya ba ta amsa ba a lokacin.

Wannan abu ya samo asali ne daga shagon Yaya a Sabon Gari, Kano, ina ɗan makarantar firamare. Maƙwabcinsa Bayerabe ne mai sayar da kayan lantarki, kullum kaset ɗin Sunny Ade ke tashi a wurinsa. A cikin kiɗan akwai wata murya da ke zamewa daga sama zuwa ƙasa ba tare da ta yanke ba, ni a zatona goge ne aka sa wa lantarki. Sai da na girma na san Demola Adepoju ne ke kaɗa jitar feda a ƙungiyar, kuma da ita suka fita duniya a 1982. Sai kuma da aiki ya kawo ni garin nan na gane cewa na faɗo gidanta. Asalin goga ƙarfe a kan tsirkiya daga tsibirin Hawai ya fito, ana danganta shi ga Joseph Kekuku tun ƙarshen ƙarni na 19. Feda ta zo daga baya, kuma da farko don sauya saiti tsakanin waƙa da waƙa ake taka ta. Bud Isaacs ne a 1953 ya taka ta tsirkiya na cikin kuka, a wani faifai na mawaƙi Webb Pierce, kowa ya ji sautin yana lanƙwasa, makaɗa suka bazama neman yadda aka yi. Buddy Emmons ya raba fedar gida biyu, shi da Shot Jackson kuma suka kafa kamfanin ƙera jitar feda na Sho-Bud a 1957 a wannan yanki. Tsarin da ke ƙarƙashin ƙafata yau, jikan nasu ne.

Tawa wuya ɗaya gare ta, tsirkiya 10, saitin muryoyin tsirkiya da ake kira E9, feda uku, da liba biyar da ake turawa da gwiwa don sauya sauti. Dalilin da ya sa na yi odar ta musamman kuwa tsawona ne. Shekara uku ina koyo a kan ta aro, gwiwata na tokare da cikinta, in zan ture liba sai na karkace ƙugu, bayan rabin awa baya ya ƙage. Maƙerin ya sa na zauna a kujerar da zan riƙa kiɗa a kai, da takalmin da zan riƙa sawa, aka auna daga ƙasa zuwa saman gwiwa, kamar dai tela zai yanka wando. Ya ƙara inci biyu a ƙafafun da sandunan feda. Yau da na zura ƙafafuna, gwiwar hagu ta faɗa daidai tsakanin libobinta, ta dama ma haka. Wallahi ban san haka zama a gabanta yake da daɗi ba.

Na sa faratan ƙarfe biyu da na roba a babban yatsa, na ɗora sandar ƙarfen a layi na uku cikin layukan da aka zana a wuyanta, na kaɗa tsirkiya ta huɗu da ta biyar da ta shida. Sannan na taka feda ta farko da ta biyu tare. Ga wanda bai sani ba, ta farko tana ɗaga muryar B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga G# zuwa A, wato hannu bai motsa ba amma jituwar muryoyin ta koma wata dabam, murya ɗaya na tsaye biyu na hawa. Abin da ke kama ni ke nan tun ina yaro. Dabarar kalangu ce tsaf: mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, da haka yake magana. A nan ƙafa da gwiwa ke yin aikin hammata. Fedojin suna da laushi amma ba su yi lagwab ba, kana jin inda suka tsaya ƙyam, ba ka laluben ƙarshensu.

Bayan la'asar dattijon da ke koya mini ya zo. Ya haura saba'in, ya yi shekaru yana kiɗa a gidajen rawa na titin Broadway. Bai ce komai a kan launi ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya gyaɗa kai, ya zauna, gwiwarsa da ƙyar take kaiwa liba saboda ƙarin tsawon. Abu na farko da ya yi shi ne ya jona na'urar saiti, ya kaɗa tsirkiya ta huɗu, ya taka feda biyu yana kallon allura. Kowace jitar feda jikinta yana ɗan rusunawa in an taka, tsirkiyoyin da ba a taɓa ba su ɗan sauka. Allurar ta motsa kaɗan ƙwarai. Daga nan ya hau can sama, bayan layi na 15, inda jitoci da yawa muryarsu ke shaƙewa ta mutu da wuri. Ya kaɗa ɗaya ya bar ta, yana ƙara mata ƙarfi a hankali da fedar murya ta ƙafar dama. Ta yi ta tafiya, siririya, tas, ba ta tsaga kunne. Ƙasan kuma yana da kauri ba tare da ya yi laka ba.

Wani abu ɗaya ya sosa mini rai, kuma gara in rubuta shi. A hannunsa jitar ta yi wata murya da ban samu ba duk yinin nan, amfilifaya ɗaya, saiti ɗaya. Na tambaye shi, ya ce in duba hannuna na dama: ina fizgar tsirkiya da ƙarfi, kuma ba na kashe wadda ta gama magana kafin ta gaba ta fara, shi ya sa suke cakuɗewa. Ya kama gefen tafina ya kwantar da shi a kan tsirkiyoyin, ya ce nan ne gidansa.

Ba a rasa 'yan matsaloli ba. Maganaɗisun ɗaukar sauti mai naɗi ɗaya na zaɓa saboda tsabtar muryarsa, to yana ɗan gurnani idan fitilar falo na kunne, sai da muka juya jitar ta fuskanci bango. Libar hagu da ke sauke tsirkiyoyin E ta yi nisan tafiya, muka rage ta da ɗan makulli. Ana dab da magariba kuma tsirkiya ta uku ta tsinke, tau, ta tsikare ni a yatsa har da ɗigon jini. Wannan halinta ne a kowace jitar feda, ita ce mafi siranta, lamba 11, kuma feda ta biyu na ja da sakinta ba hutu. Maƙerin ya san da haka, ya saka guda shida a aljihun akwatin.

Bayan isha'i, yara sun kwanta, na rage murya na zauna ni kaɗai. Na ajiye darussan kiɗan kantiri gefe. Daga tsirkiya ta takwas zuwa ta huɗu, in ka haɗa da feda ta farko, muryoyi biyar ne ke fitowa, irin waɗanda yawancin waƙoƙin da na taso da su ke tafiya a kai. Na shiga laluben wata waƙar daka da Inna kan yi. Akwai wata gaɓa a ciki da ba ta zauna a kan kowane layi ba, tana ɗan ƙasa da shi, jita mai ƙarafan wuya ba za ta taɓa ba ka ita ba. Na ja sandar baya kamar faɗin ƙwayar gero, sai ga ta. Na maimaita har yatsan da ya ji ciwo ya fara zugi.

Wajen sha ɗaya na dare na ɗauki minti ɗaya a waya na tura wa Yaya ta WhatsApp. A Kano lokacin asuba ta yi. Ina naɗe wayar amfilifaya sai ga saƙon muryarsa, ana jin carar zakara a bayansa. Ya ce, "Auta, waƙar Inna ce ko? Sake yi mini, amma ka bi a hankali, ita ba ta sauri a wurin nan."

Na sake jona amfilifaya.