'Yan haya, ina rasit ɗinku?

Duk rigimar haya da ake kai wa ƙungiyar 'yan haya a Abuja, wuri ɗaya take lalacewa: babu takarda. Mai biyan shekara, in yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba, notis ɗin wata 6 doka ta ba shi, mai biyan wata kuma wata 1. Daga nan sai notis na kwana 7, sannan kotu. Maigida ba shi da hurumin cire ƙofa ko yaye kwano.

Amma fa alƙali rasit zai tambaya. Ku naɗa mutum ɗaya a gidan ya tara hoton rasit ɗin kowa, a riƙa biya ta banki, ba hannu da hannu ba. Kada fushi ya sa wani ya daina biya, don bashin nan lauyan maigida zai fara ɗagowa.