Cokalin madara da ya fitar da mu daga inuwar takarda

Ni nake riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfani a Sharaɗa, Kano, inda muke niƙa gero da gyaɗa mu zuba garin kunu a leda. Tun da aka ɗaga harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan saye, daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: garinmu yana cikin abincin yau da kullum da doka ta yafe wa harajin, ko sarrafa shi ya fitar da shi? In ba mu karɓa ba alhali ya wajaba, daga aljihunmu za a biya, har da tara. In mun karɓa, ledarmu ta fi ta maƙwabta tsada.

Maigidana ya ce, "Malam, a tambayi masu abin mana." Sai na rubuta wa hukumar haraji ina neman matsayarta a rubuce tun kafin a yi ciniki. Kamar fatawa ce: ka kawo mas'alarka, a amsa maka gwargwadon abin da ka faɗa. Na lissafa gero, gyaɗa da tsamiya, na bayyana yadda muke niƙa da busarwa. Amsa ta zo yadda muke so. Na sa ta a fayil, hankalina ya kwanta.

Bayan shekara guda muka fara zuba madarar gari da ƙamshi, don masu saye sun fi so. Ban ko tuna da takardar ba. Ranar da mai binciken haraji ya zo, na miƙa masa ita cike da ƙarfin gwiwa. Ya karanta, ya ɗauki leda ya duba bayanta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan garin aka yi wa hukunci ba." Gaskiyarsa ce. Hukuma tana ɗaure ne da abin da ka shimfiɗa mata. Da ka sauya kayan, ko ka ɓoye wani abu tun farko, alkawarin ya warware. Dole muka sake nema, muna ware kuɗi a gefe har amsa ta fito.

Wani abokin sana'a ya taɓa roƙona kwafin takardar. Na hana shi, ba rowa ba: sunanmu ne a kai, ba za ta kare shi ba. Ko a Amurka, doka ta hana wani ya kafa hujja da irin wannan wasiƙa da aka ba waninsa. Kuma akwai ikon da ya fi na mai sa hannu. Ƙasar Ireland ta ba kamfanin Apple irin wannan matsaya ta haraji a 1991 da 2007, amma a Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce a karɓo harajin kusan Yuro biliyan 13 daga kamfanin.

Sauyin doka ma yana kashe irin wannan takarda. Da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabbin dokokin haraji a Yunin 2025, na ciro fayil ɗin na bi shi layi-layi, don dokar da aka gina amsar a kanta za ta tafi. Yanzu mai haɗa garinmu ya sani: ko citta zai ƙara, sai ya fara hawowa ofishina.