Yadda muka shawo kan mutane su riƙa guga da rana

Ni sana'ata wutar sola ce, muna da ƴar ƙaramar tasha a wani ƙauye muna raba wa gidaje da shaguna wuta da mitar kati. Duk mai wannan harkar ya san ciwon kanmu, daga hantsi zuwa la'asar rana na dukan farantin sola wuta ta yi yawa har batir ya cika sauran ta tafi a banza, amma da an sallame magariba sai kowa ya kunna komai lokaci ɗaya, talabijin, firij, mai guga da mai hitar ruwan shayi, kafin ƙarfe goma batir ya fara kuka. Kuma batir ne ya fi cin kuɗi a sana'ar nan, in kullum kana zuƙe shi har ƙasa to ka tanadi kuɗin sabo tun kafin lokacinsa.

Da farko ƙara kuɗin yunit na dare na yi, don mutane su mayar da shan wutarsu rana. Wallahi na sha surutu, har gaban mai unguwa aka kai ni wai zalunci nake, kuma ba wanda ya canza komai.

Ƙanena da ya karanta tattalin arziki shi ya ce Yaya ba farashin ba ne matsalar, yadda ka faɗe shi ne. Wai akwai fanni guda a kan halayyar mutane wajen kashe kuɗi, har wani Ba'amurke Richard Thaler ya ci kyautar Nobel a kansa a 2017, kuma sun gano zafin asarar naira ɗari ya fi daɗin samun naira ɗari ƙarfi a zuciyar mutum. Sai muka mayar da kuɗin dare yadda yake da, muka sauke na rana muka sa masa suna garabasar hantsi. Nan fa hayaniya ta kwanta.

Ya kuma ba ni labarin kamfanin Opower a Amurka da ya riƙa aika wa gidaje takarda ana gwada wutar da suka sha da ta maƙwabtansu, wannan kaɗai ya rage shan wuta da kusan kashi 2 cikin 100. Muka kwaikwaya da saƙon tes har da sanar da garabasar, amma shiru. Ashe saƙon wayar maigida yake zuwa, shi kuwa yana gona ko kasuwa, masu guga da kai markaɗe suna cikin gida ba su ma san da garabasar ba. Matata ce ta gano wannan, ta shiga gidan suna da Islamiyyar matan aure tana faɗa musu baki da baki. Mai injin niƙa ma muka daidaita da shi ya riƙa tayar da inji bayan azahar.

Abin da har yau ya gagare ni fanka ce, a zafin Afrilu ba garabasar da za ta sa mutum ya kwana ba fanka, ni kaina ba zan iya ba.